Raspberry Pi 400 a ƙauye: kwamfutar mai koyon koding da ransa ke yawan sauyawa

Duk wanda ya zauna da matasan da ke koyon rubuta manhaja don sha'awa, ba don neman aiki ba, ya san halinsu. Yaro zai fara da niyyar gina wa ƙungiyar ƙwallon unguwarsu shafin intanet, ya yi wata biyu a kan HTML da CSS ba dare ba rana. Kafin kaka ta shigo ya koma yaren koding na Python, yana son rubuta abin da zai riƙe wa mahaifiyarsa lissafin adashi. Rani na kamawa aka fara ban ruwa a fadama, sai hankalinsa ya koma kan na'urar da za ta gaya masa ko ƙasa ta bushe. Damina ta faɗi, noma ya ɗauke shi, wata huɗu bai taɓa madannai ba. Manya kan ce ba shi da alƙibla. Mu ba mu ga haka ba. Haka sha'awa take tafiya, kuma abin da ya koya a wancan fannin ba ya zubewa don ya shiga wannan. Abin dubawa shi ne wace kwamfuta ce za ta iya bin sa duk inda ransa ya karkata, a ƙauyukan Ringim ko Auyo ko Bunkure, inda wuta ba ta da tabbas, zafin Afrilu yake haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma take shiga har cikin akwati. Da wannan ma'auni muka auna Raspberry Pi 400.

Idan ka gan ta a ajiye za ka ɗauka madannai ne kawai, fari da ja. Kwamfutar gaba ɗaya tana cikinsa. Ta fito a watan Nuwamba na 2020 daga masu yin Raspberry Pi da ke Cambridge a Ingila, a kan dala 70 ita kaɗai, dala 100 kuma idan da kayanta: caja, maus, kebul na talabijin, memori da aka riga aka zuba wa manhaja, da littafin masu farawa. Ƙwaƙwalwarta BCM2711 ce mai kai huɗu, tana gudu a 1.8GHz, da RAM gigabait 4 wanda ba a ƙarawa. A bayanta akwai kafar USB uku, biyu masu sauri ɗaya ta da, kafar micro-HDMI biyu, kafar kebul na intanet, gurbin memori, da jerin fil 40 na haɗa kayan lantarki. Tana da Wi-Fi da Bluetooth. Ba ta da allo, ba ta da batir, ba ta da kafar iyafis. Waɗannan ukun ka riƙe su a ranka tun kafin ka yi ciniki.

Abin da ya fi burge mu da ita ga mai sauya ra'ayi shi ne memori. Ba ta da faifan ajiya (hard disk) a ciki. Duk abin da take da shi, daga manhajar da ke tuƙa ta har aikinka, a kan ɗan katin microSD yake, irin wanda ake sa wa waya. Ma'ana kowace sha'awa tana iya samun katinta. Katin shafin intanet daban, na Python da lissafi daban, na gwaje-gwajen lantarki daban. Ka gaji da ɗaya, ka kashe ta, ka zare shi, ka liƙa masa ɗan farin salatif ka rubuta sunansa da kwanan wata, ka jefa a kwalin ashana. Bayan shekara idan ranka ya dawo kansa, za ka tarar da komai yadda ka bar shi. A laftof kuwa kayan wannan aikin da na wancan suna cuɗanya har wata rana wani ya ɓata wani, mutum ya rasa inda matsalar take. Gigabait 32 ya wadatar wa kowane kati, kuma a nemi mai tambarin A1 ko A2 a jikinsa, domin shi aka yi wa ƙananan karatu da rubutu masu yawa.

Sai dai kasuwa cike take da memorin bogi. Za a rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali 8 ne a ciki. Zai yi aiki lafiya lau har ranar da ka cika gurbin gaskiya, daga nan sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho, fayiloli su lalace ba tare da wani gargaɗi ba. Kafin ka zuba komai ka gwada shi da H2testw a kan Windows, ko f3write da f3read a kan ita Pi ɗin. Gwajin yana cika katin ne sannan ya karanta, yana ɗaukar lokaci, amma yana fallasa ƙaryar. Abu na biyu da ke kashe memori shi ne ɗauke wuta tana tsaka da rubutu. Kada a zare caja haka kawai. A danne Fn da F10 tare na daƙiƙa biyu, za ta rufe kanta cikin tsari. Akwai kuma SD Card Copier a cikinta, wanda ke kwafe kati sukutum zuwa wani. Wanda zai tafi gona na watanni ya yi wannan kafin ya ajiye.

Yanzu maganar wuta, wadda ita ce rabin labarin a wajenmu. Tana son bolt 5 da amp 3 ta kafar USB-C. Cajarta ta asali tana ba da bolt 5.1, kuma idan za ka saye ta da kayanta ka zaɓi na Ingila, shi ne mai ƙafa uku da ke shiga soket ɗinmu. Da zarar wutar da ke isa cikinta ta sauko ƙasa da bolt 4.63 sai ta fara ƙorafi. Kana zaune da dare kana rubutu, sai ka ga alamar walƙiya ko rubutun gargaɗi a saman talabijin ta hannun dama, maus ya fara tsalle, filas ɗin da ka soka ya ɓace ya dawo. Yawancin mutane sai su zargi kwamfutar. Laifin kusan kullum na kebul ne. Siririn kebul na cajar waya yana iya cinye kusan bolt 0.6 idan ana jan amp 2 ta cikinsa. Ka cire wannan daga 5.1, saura 4.5, ka faɗa ƙasa da iyaka. Magani gajeren kebul mai kauri, kada ya wuce mita ɗaya. Don tabbatarwa ka buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfutar umarni, ka rubuta vcgencmd get_throttled. Idan ta amsa 0x0 lafiya lau. Idan ta ce 0x50005, wuta ba ta isa a yanzu haka, har ta rage gudu. Idan 0x50000 ne, abin ya faru ɗazu ya wuce.

Ga mai sola, shawararmu kada ya bi ta inbata. Ɗaga bolt 12 zuwa 220 sannan caja ta sake sauko da shi 5 asara ce sau biyu, ga inbata tana shan nata ko ba a jona komai ba. A sayi ƙaramin allon rage wuta, irin XL4015 mai amp 5, a jona shi da batir ta fiyus mai amp 5. Akwai ɗan sukuru a jikinsa da ake murɗawa. A ɗora mita a bakin fitarsa, a murɗa har ta nuna 5.1 ko 5.2, sannan a jona Pi. Mun nanata: sannan. Allon yana zuwa daga shago a kan duk bolt ɗin da aka bar shi, yana iya zama 9 ko 11, kuma daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone kwamfutar. Wanda bai iya riƙe mita ba ya kai wa mai gyaran waya ko rediyo a kasuwar garinsu, aikin minti biyar ne. LM2596 da ya fi yawa a shaguna yana ɗaukar zafi sosai idan aka matsa masa zuwa amp 3, ba mu so shi a nan. Kafar USB da ke jikin kwantirolan sola ma yawanci ba ta kai amp 3 ba. Fawa bank mai kyau yana riƙe ta, amma da yawansu suna yanke wuta na ƙiftawar ido lokacin da aka soka su a caji ko aka zare, kuma wannan ƙiftawar ta isa ta sa Pi ta mutu ta sake tashi.

Lissafin batir ba wuya. Ita kanta tana shan wat 3 zuwa 7 gwargwadon aikin da take yi. Mu ce 5. Ƙaramar talabijin mai bolt 12, irin ta masu sola, mu ce wat 20. Zaman awa huɗu bayan sallar isha'i zai ci wat-awa 100. Batir mai 18Ah yana ɗauke da kusan 216, amma batirin dalma ba a shan fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko, saura 108. Ya isa da ƙyar. Ƙaramin mai 7Ah ba zai kai ka awa biyu ba. Faifan sola mai wat 50 yana cika wannan a yini guda, in dai ana share masa ƙura. A tsakiyar hunturu kwana uku ba shara sai ka ga caji ya ragu. Ka lura da abin da lissafin ya nuna: talabijin ce mai shan wuta, ba kwamfutar ba.

A wajen zafi kuwa ta ci yabo. Ƙarƙashin madannan akwai faffaɗan ƙarfe da ke kwashe zafi daga ƙwaƙwalwar, don haka ba ta da fanka. Babu ƙara, babu abin da ke zuƙo ƙura ciki, wanda shi ne ajalin laftof da yawa a ƙasar nan. Sai ta kai digiri 80 take fara rage gudu, kuma a aikin koyon koding da wuya ta je can. Mai ɗakin kwano a watan Afrilu ya riƙa duba vcgencmd measure_temp, kuma kada ya ɗora ta a kan katifa ko bargo. Ƙura dai tana taruwa tsakanin maɓallai. Ƙaramin burushin fenti da ƙyallen rufewa sun wadatar. Jerin fil 40 ɗin nan na baya a rufe shi idan ba a amfani da shi.

Wajen allo mutane suna yawan sayo kebul ɗin da ba shi ba. Micro-HDMI take so, ba mini ba. Suna kama da juna a ido, mai shago ma yakan miƙo mini da zuciya ɗaya. Ka tafi da kwamfutar, ko ka ɗauki hoton kafar. Tsohon monita mai VGA yana aiki da adafta, amma sauti ba zai fito ba sai adaftar tana da kafar iyafis. A kunna talabijin kafin a kunna Pi.

Akwai wata matsala da ba a faɗa a kwali, kuma ta fi damun mutanen karkara: ba ta da agogo mai batir. Daga intanet take samun lokaci. Wanda ya ajiye ta tun farkon damina ya dawo bayan girbi, za ta farka tana zaton jiya aka kashe ta. Sai shafuka su ƙi buɗewa da ƙorafin takardar tsaro, apt, wato mai sauke mata manhajoji, ya ƙi sauke komai, fayilolin da ka adana su ɗauki kwanan watan ƙarya. Idan akwai sabis, ka kunna hotsifot na waya ka ba ta minti ɗaya ko biyu, za ta daidaita kanta. Idan garinku sai an hau tudu ake samun sabis, ka sayi ɗan allon agogo DS3231. Waya huɗu ne: wuta zuwa fil na 1, SDA zuwa na 3, SCL zuwa na 5, ƙasa (GND) zuwa na 6 ko na 9. Sai ka ƙara layin dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a cikin config.txt, fayil ɗin saitin da take karantawa lokacin tashi. Ga mai rubuta manhajar adashi ko ta bashin shago, wannan ba ado ba ne, domin lissafin da kwanan watansa ba daidai ba rigima yake haifarwa.

Madannan suna da daɗin bugawa daidai gwargwado, irin na ƙaramar laftof. Idan ka danna Shift da 2 ka ga alamar zance maimakon @, ko akasin haka, ba lalacewa ta yi ba. Tsarin Ingila da na Amurka ne suka saɓa, a gyara a saitin madannai. A can kuma akwai tsarin Najeriya na Hausa, mai ba da ɓ da ɗ da ƙ. Raunin wannan ƙira ɗaya ne: maɓalli ya mutu ko shayi ya zube, kwamfutar ce gaba ɗaya ta shiga haɗari. Ana iya soka wani madannin ta USB a ci gaba, amma ya cinye kafa ɗaya cikin uku, maus ya ci ta biyu.

A zangon shafin intanet da Python ba mu da abin kuka. Raspberry Pi OS, manhajar da ke tuƙa ta, tana zuwa da Python da Thonny, wanda ke nuna wa mai koyo yadda kod ɗinsa ke tafiya layi bayan layi. Sauke ta yana cin sama da gigabait 1, cikakkiyar kuma ta ninka haka, don haka a yi a gari wajen mai Wi-Fi, a Dutse ko Hadeja ko Kano, kada a ƙone datar wata guda. Tun kana can ka sauke python3-doc (littafin bayanin Python) da git (mai adana tarihin sauye-sauyen kod), ka kuma ɗauko Wikipedia ta Hausa da Kiwix mai buɗe ta, duk suna aiki ba intanet. Wata dabara mai daɗi: ka shiga foldar shafinka ka rubuta python3 -m http.server 8000, ka haɗa Pi da hotsifot na wayarka, ka buga adireshinta da :8000 a ƙarshensa a burauzar wayar. Shafinka zai bayyana a tafin hannunka ko da babu ko kwabon data, ka miƙa wa abokai su gani. Don ajiyar lissafi, rumbun bayanai na sqlite3 yana cikin Python tun asali. Abin da ke rikita masu bin tsofaffin darussa shi ne, tun fitowar Bookworm, sigar Raspberry Pi OS ta 2023, pip, mai ƙara wa Python kayan aiki, yana ƙin saka kaya kai tsaye, ya ce externally-managed-environment. Ka yi python3 -m venv --system-site-packages aiki, sannan source aiki/bin/activate, shi ke nan. Burauzarta, Chromium, tana tafiya da shafi huɗu ko biyar. Ka buɗe goma sha biyar za ta fara jan ƙafa. A manhajojin rubuta kod, VS Code yana hawa, amma Thonny da Geany sun fi mata sauƙi.

Ranar da sha'awa ta koma kan lantarki, a nan take yi wa laftof nisa, a nan kuma ake ƙone ta. Fil ɗin suna baya a kwance, don haka ana buƙatar faffaɗan kebul mai waya 40 da allon gwaji. A duba inda fil na 1 yake kafin a soka, domin juya kebul yana kai bolt 5 inda bai kamata ba. Dokar farko: fil ɗin bolt 3.3 suke ɗauka, ba 5 ba, kuma kowanne kada a ja fiye da miliamp 16 daga gare shi. Ƙaramin ƙwan LED ma sai da rezisto mai om 330. Doka ta biyu: lamba iri biyu ce. Idan ka rubuta LED(17) a gpiozero, kayan Python na sarrafa fil ɗin, GPIO17 ake nufi, wanda yake zaune a fil na 11 idan ka ƙirga da yatsa. Masu farawa da yawa sun kwana suna neman laifin kod alhali waya ce ke ramin da ba nata ba. Rubuta pinout a Terminal, zai zana maka taswirar.

Mai son auna ruwan tanki zai sayi HC-SR04, mai auna nisa daga santimita 2 zuwa mita 4. Ƙafarsa ta Echo bolt 5 take fitarwa. A sa rezisto 1k daga Echo zuwa fil, da 2k daga fil zuwa ƙasa, sai ya sauko 3.3. Shi kuma ba ya jure laima, tururin tanki yana cinye shi. JSN-SR04T ne mai jure ruwa. Mai son auna danshin ƙasa zai ci karo da wani gibin: Pi ba ta karanta wuta mai hawa da sauka, kunne ko kashe kawai ta sani. Sai an sa mata MCP3008 ko ADS1115 a tsakani, masu mayar da irin wannan wutar lamba. Kuma a sayi ma'aunin danshi mai rufaffen jiki, domin mai ƙafa biyu na ƙarfe tsirara yana tsatsa cikin makonni a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Gaskiyar magana, ba Pi 400 ake kaiwa gona ba. Ba wanda zai bar madannai a bakin kwalbati a Kadawa. Abin da ya dace shi ne ɗan ƙaramin allon lantarki mai suna Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4. Yana karanta ma'aunin danshi kai tsaye ta GP26 zuwa GP28, wutar da yake sha kaɗan ce, kuma da Thonny ɗin nan dai ake rubuta masa MicroPython, wato Python na ƙananan na'urori, daga Pi 400. Ita tana ɗaki, shi yana fadama cikin robar da aka toshe. In ya ƙone ko aka ɗauke, asarar ba ta kai a yi kuka ba. A kuma sani, rile, wato makunnin da kod ke sarrafawa, ba ya tayar da injin ban ruwa na fetur da ake ja da igiya. Famfo mai bolt 12 ko na sola shi ake iya kunnawa da kod. Duk abin da ya shafi wutar 220 a kira mai wayarin.

Inda ba za ta bi ka ba shi ne idan ranka ya koma kan manhajar Android, kuma matasa da yawa can suke ƙarewa. Android Studio, wanda ake gina ta da shi, ba a yi shi don Linux mai irin wannan ƙwaƙwalwa ta ARM ba, ko da an yi ma gigabait 4 ba zai ɗauke shi ba. Haɗa bidiyo, manhajojin Windows irin su CorelDRAW da masu buga kati ke amfani da su, duk ba wurinta ba ne. Ba ta kuma da kafar kyamarar Raspberry Pi, sai ta USB. Ƙanwarta Pi 500, da ta fito a Disamban 2024 a kan dala 90 da RAM gigabait 8, ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma cajar da aka tsara mata mai amp 5 ce, sai a sake lissafin batir.

To, wa ya kamata ya saya? Wanda gidansu akwai talabijin mai HDMI da ɗan sola, kuma ransa yana kai-komo tsakanin shafi, Python da wayoyi, ba mu san abin da ya fi masa ita a wannan kuɗin ba. Wanda ba shi da allo ba shi da batir, ya tsaya ya haɗa kuɗin Pi da talabijin da batir da faifai, ya kwatanta da laftof ta hannu a Beirut Road ko Farm Centre a Kano. Sau da yawa laftof ɗin ce za ta yi nasara, domin ta zo da allonta da batirinta, kuma da Pico ɗaya a gefenta ita ma ta shiga harkar lantarki. Ba kowane shago ke ajiye Pi 400 ba, yawanci sai an yi oda, kuma farashinta yana bin dala. Idan ta hannu ka samu, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka: ka buɗe wurin rubutu ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka soka filas a kafofin USB ukun, ka gwada HDMI biyun, ka haska fil 40 ɗin da tocila ka ga ko akwai lanƙwasasshe ko mai baƙin ƙuna, sannan ka bar ta minti goma tana kunna bidiyo ka duba get_throttled.